Gyaran Ƙofar Zuciya Ba Da Tsaga Ƙirji Ba

Masu sha'awar ƙwallon ƙafa ba za su manta da abin da ya sami Nwankwo Kanu a cikin shekarar 1996 ba. Bai daɗe da dawowa daga Atlanta da lambar zinariya ba, sai likitocin ƙungiyar Inter Milan suka gano cewa ɗaya daga cikin ƙofofin zuciyarsa tana da lahani. A watan Nuwamba na wannan shekara aka kai shi birnin Cleveland na Amurka, aka tsaga ƙirjinsa, aka yi masa aiki, ya kuma yi watanni yana jinya kafin ya sake taka ƙwallo. A zamanin nan babu wata hanya sai wannan. Yanzu kuwa a ƙasashen Turai da Amurka ana sa wa tsoho ɗan shekara 80 sabuwar ƙofa a zuciyarsa da hantsi, idonsa biyu, kashegari ko jibi ya koma gida da ƙafarsa, ba a yi masa tsagar da ta wuce tsawon gaɓar yatsa ba. Wannan ci gaba ne wanda ya cancanci a yaba masa. Ya kuma cancanci a dube shi da idon basira tun kafin hukumomin lafiya na ƙasar nan su fara zuba masa kuɗin jama'a.

Zuciyar ɗan Adam tana da ɗakuna huɗu da ƙofofi huɗu, kowace ƙofa da ƙyaurenta wanda ke buɗewa jini ya wuce, ya rufe don kada jinin ya komo baya. Wannan buɗewa da rufewa yakan faru wajen sau 100,000 a kowace rana. Ƙofa takan lalace ta hanya biyu: ko dai ta tsuke, jini ya riƙa wucewa da ƙyar, ko kuwa ƙyauren ya kasa rufuwa sosai, ya riƙa yoyo. Ko wanne ya faru, zuciya za ta yi ta aikin da ya fi ƙarfinta har ta gaji. Daga nan sai haki, da kumburin ƙafafu, da kasa kwanciya a miƙe da dare. Tun bayan da John Gibbon ya yi nasarar amfani da injin da ke riƙe aikin zuciya da huhu a 1953, aka kuma fara sa ƙofar ƙira ta Starr da Edwards a 1960, maganin da likitoci suka sani shi ne a raba ƙashin ƙirji biyu, a tsai da zuciya, a yanke ƙofar da ta lalace a ɗinka wata. Aiki ne da ya ceci rayuka masu ɗimbin yawa, amma yana da nauyi ƙwarai, kuma tsofaffi da marasa ƙarfi da yawa likitoci kan sallame su su ce ba za su iya ɗaukarsa ba.

Hanyar da ake bi yanzu ta samo asali ne daga ƙarfin halin wani saurayin likita Bajamushe, Werner Forssmann, wanda a 1929 ya zura siririn bututu ta jijiyar hannunsa har ya kai cikin zuciyarsa, sa'an nan ya je ya ɗauki hoto don ya nuna wa masu musu. Abin da ya tabbatar shi ne jijiyoyin jini hanya ce da za a iya bi a isa zuciya daga waje. A 1989 wani likita na ƙasar Denmark, Henning Andersen, ya gwada naɗe ƙofa a cikin ragar ƙarfe ya zura ta ta jijiya a jikin aladu. Manyan malaman fannin ba su ɗauki abin da muhimmanci ba. Sai a ranar 16 ga Afrilu, 2002, a birnin Rouen na Faransa, Alain Cribier ya yi wa wani mutum ɗan shekara 57 wannan aiki, mutumin da ke bakin mutuwa, wanda masu fiɗa suka riga suka ce ba za su taɓa shi ba. Ƙofar ta yi aiki nan take. Majinyacin ya rasu bayan wata huɗu saboda wata larura dabam. Shi Cribier ya rasu a Fabrairu, 2024, bayan ya ga abin da aka yi wa dariya ya game duniya.

Yadda ake aikin, wanda likitoci ke kira TAVI, ba shi da wuyar fahimta. Ana ɗinka sabon ƙyaure da tantanin zuciyar saniya ko na alade a cikin wata 'yar ragar ƙarfe, a matse ta har ta koma kamar kaurin fensir, a ɗora a kan bututu, a shigar ta jijiyar matsematsi. Likita yana kallon hoto a allo, yana tura bututun a hankali har ya isa ƙofar da jini ke fita daga zuciya zuwa babbar jijiya. A nan sai a buɗe ragar, ta danne tsohon ƙyauren a jikin bango, sabon ya kama aiki, zuciya kuwa ba ta tsaya ba ko na minti ɗaya. Batun saniya ko alade ba ƙaramin abu ba ne ga majinyata da yawa, kuma haƙƙinsu ne a gaya musu wanne za a sa musu tun kafin a kwantar da su.

Ba da baki kawai aka karɓi wannan hanya ba. A 2010 aka bayyana sakamakon wani gwaji mai suna PARTNER, wanda aka yi a kan mutum 358 da ƙofarsu ta tsuke ƙwarai, waɗanda ba za a iya yi wa fiɗa ba. Cikin shekara guda, wajen kashi 51 daga cikin ɗari na waɗanda aka bari da jinyar da aka saba sun mutu, amma daga cikin waɗanda aka sa wa sabuwar ƙofa kashi 31 ne suka mutu. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yarda da aikin a 2011. Gwaje-gwajen da suka biyo baya suka nuna yana tsayawa kafaɗa da kafaɗa da fiɗa har ga waɗanda jikinsu ke da ƙwari, har ya zama a 2019 an yi shi fiye da sau 70,000 a Amurka kaɗai, ya zarce yawan fiɗar da ake yi wa wannan ƙofa. Haka nan kuma an ƙera wani ɗan mamatsi, MitraClip, wanda ake zurawa ya kama leɓunan ƙofar da ke tsakanin ɗakunan hagu idan tana yoyo, kuma a 2024 Amurka ta yarda da irin waɗannan na'urori domin ƙofar da ke tsakanin ɗakunan dama. Ba a ce babu haɗari ba. Wasu kan sami shanyewar ɓarin jiki, wasu sai an sa musu batirin daidaita bugun zuciya daga baya, wasu kuma jini kan riƙa tsiyaya ta gefen ragar.

To, amma wa aka ƙera wa waɗannan na'urori? Matsakaicin shekarun waɗanda aka yi gwajin 2010 a kansu 83 ne. Ko a gwajin 2019, wanda aka ce na masu sauran ƙarfi ne, matsakaicin ya haura 70. Cutarsu cutar tsufa ce: shekaru sun sa wani abu mai kama da alli ya taru a ƙyauren har ya taurare kamar ƙashi. Wanda ya shiga ɗakin masu ciwon zuciya a manyan asibitocin Kano, ko Zariya, ko Sakkwato, ko Maiduguri, ba waɗannan zai tarar a kan gadajen masu ciwon ƙofa ba. Zai tarar da yarinya 'yar shekara 14 wadda ta bar makaranta don ba ta iya tafiya daga gida zuwa aji, da amarya mai cikin fari wadda ke kwana a zaune.

Cutar waɗannan ta faro ne daga abin da ba a ɗauke shi bakin kome ba, watau ciwon maƙogwaro. Akwai wata ƙwayar cuta mai kama maƙogwaron yara, galibi 'yan shekara 5 zuwa 15, ta fi kuma yaɗuwa inda ake kwana a cunkushe. Idan ba a kashe ta da penisilin ba, a jikin wasu yaran garkuwar jiki kan ruɗe bayan mako biyu ko uku, ta bar ƙwayar cutar ta auka wa gaɓoɓi da zuciya. Yaro ya yi zazzaɓi, gwiwa ta kumbura, ta sace, idon sawu ya kama. Iyaye su ce sanyin ƙashi ne ko shawara. Gaɓoɓin sukan warke sarai, amma ƙofar zuciya takan saura da tabo, kuma duk lokacin da zazzaɓin ya komo sai tabon ya ƙaru, har leɓunan ƙofar su manne da juna ko su ƙanƙance. Ƙididdigar 2019 ta nuna mutum wajen miliyan 40 ke ɗauke da wannan cuta a duniya, tana kuma kashe fiye da 300,000 a kowace shekara, kusan dukkansu a ƙasashe matalauta. Wani bincike mai suna REMEDY, wanda ya bi majinyata 3,343 a ƙasashen Afirka 12, har da Nijeriya, da kuma Indiya da Yaman, ya sami cewa rabinsu ba su wuce shekara 28 ba, biyu bisa uku mata ne, kuma cikin shekara biyu wajen kashi 17 daga cikin ɗari sun mutu.

Ƙofar Cribier ba ta da amfani sosai ga irin waɗannan. Da farko dai, ƙofar da wannan cuta ta fi lalatawa ita ce ta tsakanin ɗakunan hagu, ba wadda ake yi wa TAVI ba. In ma ta taɓa waccan, yoyo ta fi sa ta, ragar ƙarfen kuwa tana bukatar taurin allin nan na tsufa kafin ta sami abin kamawa. Sa'an nan ƙyauren da aka yi da tantanin dabba yakan lalace da sauri a jikin matashi, inda zai yi wa tsoho shekara goma ko fiye yana lafiya. Shi ya sa har a Amurka ƙa'idar likitoci ta fi karkata ga fiɗa idan majinyaci bai kai shekara 65 ba. Da Kanu zai je Cleveland yau yana ɗan shekara 20, mai yiwuwa ƙwarai ƙirjin nasa za a sake tsagawa. Ga kuma tsada: kuɗin ƙofar kawai a Amurka ya kai wajen dala 30,000, ban da na asibiti da na likita.

Fiɗar kanta ba ta raba matashi da wahala. In an sa masa ƙofar ƙarfe, wadda ba ta lalacewa, to har iyakar ransa zai riƙa shan maganin tsinka jini mai suna warfarin, yana zuwa awon jini a kai a kai. In maganin ya yi kaɗan jini ya daskare a kan ƙofar, in ya yi yawa jini ya ɓalle. Mutumin ƙauyen da ke da nisan kilomita 100 daga ɗakin awo yaya zai yi da wannan? Ga mace kuwa abin ya fi muni, domin maganin yana iya illata ɗan da ke ciki, barinsa kuma yana iya kashe uwar. An yi fatan sababbin magungunan tsinka jini, waɗanda ba su bukatar awo, za su sauƙaƙa wa masu wannan cuta da bugun zuciyarsu ya rikice, amma gwajin INVICTUS na 2022 ya nuna tsohon maganin ya fi tsare rai.

Abin takaicin shi ne, hanyar da ba ta bukatar tsaga ƙirji wadda ta dace da cutar ƙasar nan tana nan tun kafin a haifi yawancin masu fama da cutar. Wani likitan fiɗa na Japan, Kanji Inoue, shi ya ƙera wani balan-balan na musamman, ya fara amfani da shi a 1982, ya bayyana wa duniya a 1984. Ana shigar da shi ta jijiyar cinya zuwa ɗakin dama na sama, a huda siririn bangon da ke tsakani a ƙetara zuwa hagu, a ratsa ƙofar da ta tsuke. An yi shi da ƙugu a tsakiya, saboda haka in an hura shi sai ya zauna daram a bakin ƙofar, ya yage mannewar da tabo ya yi. Faɗin wannan ƙofa a jikin mai lafiya santimita 4 zuwa 6 ne a murabba'i. In ya koma ƙasa da 1.5 an shiga haɗari. Balan-balan ɗin yakan ninka faɗin cikin 'yan daƙiƙoƙi, majinyacin da ya shigo yana haki ya fita yana numfashi sosai. Ba a bar wani ƙarfe a jiki ba, ba a yanke ƙofar da aka haifi mutum da ita ba. Gwaje-gwajen da aka yi a Indiya, aka bayyana a 1994, da na Tunisiya a 1998, sun nuna sakamakonsa bai gaza na fiɗa ba ga majinyacin da aka zaɓa daidai. Ana iya yi wa mace mai ciki, galibi a tsakiyar watannin cikin, a ceci uwa da ɗa gaba ɗaya. In ƙofar ta sake tsukewa bayan shekaru, sau da yawa ana iya maimaitawa.

Yana da iyakarsa. Ba a yi wa wanda ƙofarsa ke yoyo da yawa, ko wadda ta riga ta taurare, ko wanda jini ya daskare a ɗakin zuciyarsa. Watau sai an gano majinyaci da wuri. Duk da haka a asibitocin gwamnati na Indiya wannan aiki ne na yau da kullum, yayin da a Nijeriya ɗakunan da ke da injin hoton da ake bukata ƙalilan ne, akasarinsu a Legas da Abuja, da yawa kuma na 'yan kasuwa. Yarinyar da ke Birnin Kudu ko Gumi ba ta ma san akwai shi ba. Abin da iyayenta suka sani shi ne takardar likita mai cewa a nemi miliyoyin naira a tafi Indiya ko Masar, sai a shiga gidajen rediyo ana neman taimakon bayin Allah. Mafi yawa ba a gama tara kuɗin.

Ba rashin ƙwararru ne ya kawo haka ba. A Asibitin Koyarwa na Inugu aka fara fiɗar zuciya a ƙasar nan tun Fabrairu, 1974, a hannun Farfesa Fabian Udekwu da abokan aikinsa tare da Magdi Yacoub daga Ingila. Shekara 50 ke nan da ɗoriya. Daga lokacin zuwa yau tarihin wannan aiki a asibitocin gwamnati na tashi da faɗuwa ne: a fara da biki, a yi 'yan shekaru, kaya su ƙare ko inji ya lalace, a tsaya, likitocin da aka horar su kama hanyar ƙasashen waje. Ayarin likitocin agaji kan zo su yi mako biyu su yi wa mutum goma ko ashirin aiki su tafi. Sun cancanci godiya, amma kayan aro ba ya rufe ƙatara. A Sudan wata ƙungiyar agaji ta Italiya mai suna Emergency ta buɗe Cibiyar Salam kusa da Hartum a 2007, ta yi wa dubban mutane daga ƙasashe da dama fiɗa kyauta, mafi yawansu masu wannan cuta ta ƙofa. Abin da ya bambanta ta da sauran shi ne an yi ta don ta yi aiki kowace rana.

Saboda haka idan Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da gwamnatocin jihohi za su shiga wannan sabon fage, lalle ne su shiga ta ƙofar da ta dace. Ya kamata a zaɓi asibitin koyarwa ɗaya ko biyu a Arewa, a ba su ɗakin aikin bututu da wutar lantarkin da ba ta ɗaukewa, a aika ayari guda, likita da nas da mai kula da inji, su zauna a wata cibiyar Indiya inda ake aikin balan-balan kullum har hannunsu ya faɗa, a kuma yi musu albashi da kayan aikin da zai sa su zauna in sun dawo. Wurare biyu masu aiki kowane mako sun fi goma waɗanda ake buɗewa sau ɗaya a shekara, domin hannun da ba ya aiki kullum shi ke huda zuciya a inda bai kamata ba. Dole ne kuma a sami masu fiɗa a kusa, saboda ranar da balan-balan zai yaga ƙyaure fiye da kima, da kuma saboda masu yoyo, waɗanda har yanzu ba su da magani sai wuƙa. Hukumar inshorar lafiya da aka sake wa fasali da dokar 2022 ita ya kamata ta ɗauki nauyin aikin ga yara da mata masu ciki.

Ɗakin ba zai sami majinyatan da suka dace da shi ba sai an nemo su. Na'urar hoton zuciya, wadda a da sai an tura ta a kan keke, yanzu akwai wadda ke shiga aljihu a haɗa ta da waya, kuma an nuna a Uganda da wasu ƙasashe cewa nas na iya koyon gane ƙofar da ta lalace da ita. Kowane babban asibitin jiha ya kamata ya mallake ta, musamman a ɗakin awon ciki. A wannan yanki, inda likitocin Zariya suka bayyana tun shekarun 1970 yawan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, hoton ne kaɗai zai raba wadda naman zuciyarta ya raunana da wadda ƙofarta ta tsuke, maganinsu kuwa ba ɗaya ba ne.

Sai kuma penisilin, wanda a wajen arha babu kamarsa. Yaron da ya taɓa yin zazzaɓin nan, in ana yi masa allura duk bayan mako uku ko huɗu na tsawon shekaru, cutar ba ta cika ci gaba ba. A Uganda an gwada wannan a kan yara wajen 800 waɗanda hoto ya nuna cutar ta fara taɓa su: bayan shekara biyu, 3 kacal ne cutarsu ta ƙaru daga cikin waɗanda aka yi wa allura, amma 33 daga cikin waɗanda ba a yi wa ba. Lardin Pinar del Rio na Kyuba ya rage cutar ƙwarai da gaske tsakanin 1986 da 1996 da rajista da allura da wayar da kan iyaye kawai. A nan kuwa yaron da maƙogwaronsa ya kumbura wajen wanzami akan kai shi a cire belu, ko a sayo masa ƙwaya biyu a kemis. Wanzamai da malaman firamare da ungozoma ba abokan gaba ba ne a wannan yaƙi, in aka koya musu alamun da za su sa su tura yaro asibiti. Nijeriya tana cikin Babban Taron Hukumar Lafiya ta Duniya wanda a Mayu, 2018 ya zartar da ƙudurin yaƙar wannan cuta, kamar yadda a babban birninta aka yi alkawarin 2001 na ware wa lafiya kashi 15 daga cikin ɗari na kasafin kuɗi, alkawarin da Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa cikawa ba.

Wannan bai nuna a juya wa TAVI baya ba. Tsofaffi suna ƙaruwa a ƙasar nan, kuma wanda ke da hali yana da ikon neman lafiyarsa a asibitin kuɗi. Farashin ma ya fara sauka tun da Indiya ta ƙera tata ƙofar, Myval, wadda aka yarda da ita can a 2018. A Jami'ar Cape Town ta Afirka ta Kudu, Farfesa Peter Zilla da abokan aikinsa sun daɗe suna ƙoƙarin ƙera ƙofar roba wadda za ta kama ba tare da allin tsufa ba, domin matasa masu yoyo. Asibitocin koyarwa na Arewa, masu tarin irin waɗannan majinyata, ya kamata su nemi shiga cikin gwaje-gwajen irin wannan aiki tun yanzu. Sai dai ba za a karɓe su ba in ba su da rajistar da ta nuna sunan kowane majinyaci, da hoton ƙofarsa, da ranar allurarsa ta gaba. Wannan rajista littafi ne da ma'aikaci ɗaya a kowace ƙaramar hukuma, da firiji mai penisilin a ciki, kuma Kwamishinan Lafiya na kowace jiha yana iya sa ta a cikin kasafin kuɗin baɗi.